Tikitin Dawowa

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Shugabarmu Madam Dalia ta mayar da ni teburin masu zuwa yawon buɗe ido tsibirai. Ofishinmu na unguwar Dokki amsa saƙonnin matafiya yake yi wa wani kamfanin waje, kuma yawancin masu tambayar tsibiran nan 'yan Isra'ila ne, su ba sa buƙatar biza. Abokiyar aikina Samah ta ce ita ba za ta iya ba. Ni na iya, haya ba ta san siyasa ba.

Dokar duka layi huɗu ce a manne jikin kwamfuta: babu biza, fasfo ya kasance da sauran wata shida, adireshin masauki, tikitin dawowa. Sai 'yan shawarwari, maganin sauro, man kare rana, kada a taka duwatsun ruwa ba takalmi. A aiki sunana Rania. Ba mai sa sunansa na gaskiya.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Saƙo talatin da ɗaya. Rabinsu kan ko akwai giya a otal. Allah ya kyauta.

Talata, 7 ga Fabrairu

Wani ya rubuto yau, sunan da ke kan shafinsa baƙaƙe biyu ne kawai. Turancinsa gajere. Ya ce shi daga Isra'ila zai taso, amma zai haɗu da tsohuwa mai fasfon Sudan, ita ma ba biza? Na duba, na ce ita ma haka. Sai ya ce: ana barin mutum ya shiga da garin busasshiyar kuɓewa? Tsohuwar ba ta cin tuwo sai da ita.

Na yi dariya. Sannan na daina.

Masu cin waika, garin kuɓewar nan, a duniya ai ba Inna kaɗai ba ce, Fatuma, ki kama kanki.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Ban so rubuta wannan ba, amma ga shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da yayana Fadl ya bi hanyar Sina'i zai tsallaka Isra'ila neman aiki. Kira ɗaya daga garin Arish a kan hanya, shi ke nan. A shekara ta huɗu wani ɗan iska ya bugo ya ce yana tare da shi, Inna ta yi kwana tara tana jiran waya, ta ƙare a gadon asibiti. Likita ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki irin wannan sau biyu ba.

Ni na matsa wa Kawu Abakar aka yi masa sallar ga'ib a masallacin layinmu na Ainu Shams. Ni na raba kayansa. Inna ta yi wata biyu ba ta kalle ni ba, amma tana raye. Ban yi nadama ba.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Mai saƙon nan ya dawo. Tambayarsa: filin jirginsu akwai keken tura marasa lafiya? Gwiwarta ta hagu ba ta hawa bene.

Inna ta faɗi a benen tashar jirgin metro shekara uku da suka wuce. Hagu.

Fadl bai san wannan ba. Ba yadda za a yi ya sani. Na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska. Da na fito Samah ta ce, "Malik, me ya same ki? Kin yi fari." Na ce sanyi ne.

Na amsa masa da abin da ke kan takarda. Akwai keke, a nema kafin tafiya. Rania.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Na bi kowa a raina. Wa ya san inda nake aiki? Kawu Abakar, da ko saƙon waya sai an karanta masa. Maƙwabciyarmu Israa, bakinta ba ya rufuwa, amma me za ta ci a ciki? Wataƙila macutan nan ne suka sake salo. To amma macuci kuɗi yake tambaya, wannan bai tambayi komai ba sai keke da kuɓewa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na san haka. Tsoro nake ji duk da haka, kuma haushi nake ji, don wanda na binne ba shi da hurumin dawowa ya tambaye ni garin kuɓewa.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Na roƙi Samah ta buɗe mini hoton fasfonsa, ita ke da izini. Shafin ya fito, amma hasken fitila ya faɗa daidai kan fuskar da sunan, fari fat. Kunne ɗaya kawai ake gani. Na zauna ina kallon kunne kamar mahaukaciya. Wallahi ban tuna kunnen Fadl ba. Shekara ashirin muna ɗaki ɗaya.

Samah ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, a ce ya sake ɗauka." Na ce a bari.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Yau kan tikitin dawowa ya tsaya. Na ce dole ne, ba sa barin kowa ya shiga sai ya nuna ranar fita. Ya ce: dawowa inda mutum ya taso, ko inda ake jiransa?

Takarda ba ta da amsar wannan. Na tambayi Madam Dalia, ta ɗaga kafaɗa ta ce su dai su ga zai fita, ko ina ne. Na rubuta masa haka.

Ya ce na gode. Ya ce ki gaya mata kada ta ɗauko bargo, can babu sanyi.

Ki gaya mata. Ni ai ma'aikaciya ce, wa zan gaya wa?

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Ba saƙo.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Ban gaya wa Inna komai ba, Allah shaida ne. Ko sunan tsibiran ban taɓa faɗa a gidan nan ba.

Da hantsi na dawo daga sayo burodi na tarar da ita a baranda ta baza kuɓewa a kan faifai uku, yankakkiya, ta isa mutum biyu su ci har shekara. A wannan sanyin, rana ma da ƙyar take leƙowa. Na ce, "Inna, wannan duka na mene ne?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "An ce can ba a samu."

Na ce can ina.

Ta ce in miƙo mata wuƙa, wannan ta dakushe.

Na miƙa. Da na shiga ɗaki na ga bargonta na kullum a ninke, an ɗora shi can saman kwaba inda hannunta ba ya kaiwa. Ban tambaya ba. Na zauna bakin gado har aka kira azahar.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Har yanzu ba saƙo. Sau nawa na duba, ba zan rubuta ba.

Kafin in fito na buɗe gwangwanin takardunmu, don kawai in ga ko asu ya ci. Fasfon Inna saura wata bakwai. Doka shida take so. Wato wata ɗaya ke nan, in da wani yana da niyya.

In ƙarya ce, zan kai ta tsakiyar teku ta tsaya a filin jirgi tana kallon ƙofa, kuma na san abin da likita ya ce. In kuma ba ƙarya ba ce, ni ce na sa aka sallaci mai rai.

Wajen la'asar aiki ya yi sauƙi, na ce wa Samah ta duba mini jiragen farkon Maris, tambaya ce kawai. Ta ce kujera nawa na tafiya? Na ce biyu, ɗaya da keke. Ta buga. Ta ce na dawowa ma biyu ko?

Na ce ta duba uku.