Kunnen Garuba na Hagu

Limawa, Minna
Laraba, 10 ga Rajab, 1391

Zuwa ga Yayata Dije, a Agege.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Maliki da yara da duk wanda ke cin tuwon gidanku. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya sa albarka a cinikin goron Malam, Ya sauƙaƙe miki ciwon bayan da kika ambata a saƙonki na bara. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, sabuwar doya ta fara shigowa daga Gwada, ginin bayan ɗakina ya zube da ruwan makon jiya amma bai taɓa kowa ba. Aishat ta wajen Kawu ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunan Innarmu. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, a zaune nake yin nafila yanzu.

Yaya, da hannuna nake rubuta wannan da ajami, ban kai wa mai rubutun wasiƙa na bakin gidan waya ba, domin maganar ta cikin ɗaki ce. Ke ma ki karanta da kanki. Sau uku ina farawa ina yagewa. Kuma ki gafarce ni, zan ambaci sunan da ba kya so a faɗa a gabanki, don babu yadda zan kewaye shi: maganar Garuba ce, ɗanki na fari, wanda kika ɗora mini a baya ranar da aka yaye shi, yau shekara ashirin da uku. Yana da rai, yana tafiya da ƙafarsa, kada gabanki ya faɗi fiye da kima. Amma amanar da kika ba ni ta samu rauni a hannuna.

Kin san aikinsa a tashar jirgin ƙasa, amma ban tsammanin an taɓa kwatanta miki shi ba. Idan jirgi ya tsaya, shi da abokin aikinsa Irimiya sai su bi shi da doguwar guduma, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, suna buga kowace ƙafa suna saurare. Lafiyayyar ƙafa tana amsawa da zaƙi, ƙarar ta daɗe tana yawo. Wadda ta tsage a ciki kuwa, inda ido ba ya gani, sai ta amsa a daƙile. Aikin kunne ne tsantsa. Tun yana ƙarami haka Allah Ya yi shi. In za ni sayen tukunya da shi nake zuwa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya ce Inna wannan tana da ciwo. Har matan Gwari masu tukwane suka san shi, in sun hango mu sai su yi ta dariya suna cewa ga alƙali nan ya iso, kowa ta ɓoye mai laifinta.

Asabar ta biyu bayan Mauludi wasu makaɗan zamani suka zo daga Kudu, masu jita da ƙahoni da injin wuta, aka kewaye musu fili da zana a bayan tasha. Garuba bai taɓa fita ko nan da can bai sanar da ni ba. Ya zo ya durƙusa ya ce Irimiya da matarsa Hannah za su je, yana so ya raka su, ana farawa bayan la'asar. Na ce ya je, amma magariba ta yi masa a gida. Ni na ce ya je, Yaya. Wannan shi ne laifina na farko.

Abin da ya faru a filin daga bakin Irimiya na ji, shi kansa bai taɓa ba ni labari ba. Sun samu benci a gaba saboda Hannah tana da ciki wata bakwai, kusa da akwatunan lasifika guda biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, sun fi mutum tsawo. Da farko lafiya lau. Waɗanda ba su samu shiga ba suna kan itatuwa da bayan zana. Da aka ɗauko wata waƙa da kowa ya sani daga rediyo, sai na waje suka tura zanar ta faɗi, suka kwararo ciki. Na baya suna ihu har ihunsu ya hana su jin kiɗan, sai suka kama cewa a ƙara, a ƙara, mai kula da na'urar kuwa ya yi ta ƙarawa. Kowa yana son ya matso ya ga masu jita da idonsa. Bencuna suka kife, aka raba Irimiya da matarsa, Hannah ta faɗi a gindin akwatunan. Garuba ya dafa akwatin da hannu biyu ya rankwafa a kanta ya yi mata rumfa da jikinsa, jama'a suka danne shi ta baya, kunnensa na dama ya manne a bakin lasifikar.

Waƙa uku aka yi yana haka. Yana ihu babu mai ji, mutum ba ya jin na kusa da shi ma. Abin da ya fi tsaya mini a rai, waɗanda ke kusa ba su ga Hannah a ƙasa ba, sun ɗauka daɗin kiɗa ne ya sa ya rungume akwati. Suna dukan bayansa suna cewa wannan ya fi kowa sanin daɗi, ku bar shi da amaryarsa. Wani har ya liƙa masa sule a goshi. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu, in ji Irimiya, duk dariya suke yi. Sai da ƙafar wani ta fizge waya kiɗan ya yanke, sannan aka ji kukan mace.

Garuba ya cika alkawari, ana kiran magariba ya shigo, da takalmi ƙafa ɗaya. Sallamarsa ce ta firgita ni, don da ƙarfi ya yi ta kamar mai kiran wani a hayin kogi, shi da ba a jin muryarsa daga zaure. Na ga jini siriri ya bushe a wuyansa. Ya ce kada in damu, wani jirgi ne ke busa a cikin kansa ya ƙi tashi daga tasha, zuwa safe zai tafi.

Ga na biyu, kuma shi ne mai nauyi. Na yi masa abin da Innarmu take yi mana in kunne yana ciwo. Na narka man shanu da tafarnuwa, na gwada ɗuminsa a bayan hannuna, na tofa addu'a, na ɗiga masa safe da yamma. Kwana tara ina yi, yana cije baki yana cewa da sauƙi don kada ya ɓata mini rai. Ranar ta goma kunnen ya fara ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, Irimiya ya ɗauke shi a keke zuwa asibiti ina biye da su. Likita ya leƙa da fitila ya tambaya wa ya zuba mai a ciki. Na ce ni ce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce fatar cikin kunnen ta yage tun ranar, kuma kunnen da ya yage ba a sa masa komai, ko ruwa. Ya ce na dama ya tafi ke nan. Na hagu ma ƙarar ta taɓa shi, yana raguwa, ba zai iya cewa zai tsaya ko zai bi ɗan'uwansa ba. Ya ƙara da cewa ƙarar ce ta yi yawancin ɓarnar, ba man ba. Na gode masa, amma ni na san hannun da ya riƙe cokalin.

Da ya warke ya koma aiki, ni kuma saboda wautata ban tambayi yadda yake yi ba. Sai da Hannah ta haihu ta kawo mini jaririn, namiji, sun sa masa Andrawus a coci, a gida kuwa Garuba suke kiransa. Tana so ta kwantar mini da hankali, da Hausarta ta ce Mama kar ka damu, ba wanda ya sani, in Garuba ya gama gefensa Irimiya yana zagayawa ya sake bugawa a ɓoye, in an samu lokaci. In an samu lokaci, Yaya. Ranar na wuni ina ta ganin matan da ke hawa daga Zungeru da goyo a baya da kaji a kwando, sun miƙa ransu ga gudumar da mai ita ba ya jin amsarta.

Na ɗauko allon da na koya masa karatu da shi, don yanzu doguwar magana a nan muke yin ta. Na rubuta masa cewa rayukan mutane ba namu ba ne da za mu yi kasada da su, in wani abu ya faru ba shi da amsa gaban Allah, ni ma da na sani na yi shiru ba ni da ita. Ya karanta, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ɗago ya ce, Inna, har ke? Washegari ya ɗauki gudumarsa ya kai wa shugabansu da kansa ya faɗi gaskiya. Ba su kore shi ba, Allah Ya saka musu, sun ba shi sharar dandamali da goge fitilu. Ban yi nadamar abin da na rubuta ba, ko yau zan sake. Amma shekaranjiya na leƙo na gan shi tsugune gaban randa, yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kara kunnen hagu, ya sake ƙwanƙwasawa. Na koma ɗaki na toshe bakina da mayafi.

Yanzu ga dalilin takardar. Kwanan nan ya ɗauki wata ɗabi'a, ya ce tara muryoyi yake yi kafin a rufe masa ƙofa. Yakan sa in zauna ta hagunsa in karanta masa Tabaraka a hankali. Yakan tsayar da mai fura ya ce ta sake kiran tallarta, ita kuma ta yi ta dariya tana cewa wannan saye ne ko neman aure. Jaririn Hannah ma ya ɗora shi a kafaɗar hagu don ya ji kukansa. Ranar Juma'a bayan la'asar muna zaune ina tsince shinkafa, ya ce duk ya samu, saura ɗaya. Ya ce Yaya ta Agege, haka yake kiranki tun yana jin ina faɗa, sau biyu ta zo garin nan, da kaciyarsa da rasuwar maigidana, kuma duk biyun bango take kallo ta ce a gaya wa yaron nan kaza. Ya ce ya san tarinki, ya san ƙarar takalminki, amma bai san yadda sunansa yake a bakinki ba. Ya ce ba ƙorafi yake yi ba, ya san kunya ce, tambaya kawai yake ko ni na taɓa ji. Na ce ban taɓa ba. Ban iya yi masa ƙarya ba.

Yaya, ni ma da kunyar nan aka raine ni, ban raina ta ba, kuma na san ba ƙi ba ne, na ga yadda kike bin bayansa da ido in ya juya. Amma na duba ɗan abin da na karanta, na kuma aika an tambayi limamin unguwarmu ba tare da na ambaci kowa ba, babu inda Allah Ya hana uwa kiran ɗanta. Ban taɓa roƙonki komai a kansa ba, ko zanen goyo. Yau ina roƙo. Ki zo kafin azumi. Watan jiya daga ɗakinsa yake jin ladan, yanzu sai ya fito zaure. Ba sai a gaban kowa ba, ni zan ɗauki mayafina in tafi gidan Kawu, in ja muku ƙofa, har abada ba zan tambaye ki abin da kika ce ba. In kin ga dama bayan nan ki yi mini faɗan man shanun, na cancanta, zan durƙusa in saurara.

Ki gaishe mini da Malam Maliki da kyau, ki gaya masa yadda kika ga zai iya ɗauka. Ki gaida Gambo da Talatu da auta Lami, da Goggo Asabe in tana gane mutane har yanzu. Kawu da Aishat suna gaisuwa. Irimiya da Hannah ma sun ce a gaida Mama ta Ikko, kuma Irimiya ya ce ki hau jirgi hankali kwance, shi ke buga ƙafafun gefe biyun yanzu.

Ban gaya wa Garuba na rubuto ba, don kada ya sa rai. Amma duk ranar da jirgin Ikko zai iso yana kan dandamali da tsintsiyarsa, kina sauka za ki gan shi, ya yi tsawon Babanmu. In kika yi magana ta bayansa ba zai juyo ba, kada ki ɗauka fushi ne. Ki zagaya ta hagu, ki matso kusa. Kada ki ɗaga murya, ihu ciwo yake sa masa. Ki faɗa a hankali, yadda kike faɗa a ranki shekara ashirin da ukun nan.

Allah Ya kawo ki yana da sauran ji. Wassalam.

Ƙanwarki mai neman gafararki,
Maimuna