Aladun da Ba a Sa wa Zobe Ba

Oktoba

Zuwa ga Yayana Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Pilar da yara. Yaya sanyin Bilbao da aikin masana'anta? Mu nan sai godiya, Baba ne dai tarin nan ya ƙi sakinsa.

Ka ce in riƙa ba ka labarin gona, kai da rabonka da taka kashin alade tun kana saurayi. To ga shi. Gangaren nan na bayan rijiya ya zama fako, ruwa in ya sauka sai ya wuce kamar a kan faranti. Shi ya sa bana na ƙi sa wa aladu zoben hanci da ke hana su tono. So nake su tone shi, su zuba masa taki, sannan in kwashe su in watsa irin ciyawa. Baba ya yi ta faɗa. Ya ce, "Casilda, alade ba zobe? Tun kakanninmu ba a taɓa yi ba. Ke dai kanki ya fi gangaren tauri."

Daga baya ya yarda, amma da sharaɗin kada su kusanci ƙananan itatuwan ensina da ya yi shekaru yana reno a gindin gangaren. Tsofaffin da ke zubo wa aladu 'ya'ya sai bushewa suke, waɗannan ne za su gaje su. Na kewaye su da waya, na kuma yi masa alkawari.

Ƙanwarka,
Casilda

Disamba

Yaya Anselmo,

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida. Mun dawo daga asibiti, Baba yana kwance, ko juyawa sai na juya shi. Likita ya ce mu shirya zukatanmu.

Akwai abin da ya tsaya min a rai. Muna asibiti aka yi ta sheƙa ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, aladu suka tona ƙarƙashin waya suka shiga. Yaya, ko itace ɗaya ba su bari ba. Na tarar da saiwoyi a warwatse, na zauna a cikin taɓo na rasa abin yi.

Kullum da safe in na kai masa madara sai ya ce, "Yaya 'yan itatuwana?" In ce, "Suna nan lafiya, Baba." Sai ya gyaɗa kai. Don Allah in kun yi waya kada ka yi suɓutar baki, na san halinka.

Taka,
Casilda

Fabrairu

Yayana,

Ina fata kun isa gida lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ba Baba hutawa.

Bayan tafiyarku, maƙwabcinmu Kawu Benigno ya shigo da kwando cike da jiƙaƙƙen yashi. Da na tona sai ga 'ya'yan ensina, har sun fara tsiro. Ya cire hularsa ya ce, "Aikin tsohon nan ne. Ranar da kuka dawo daga asibiti na faɗa masa ɓarnar, kin san bakina ba ya riƙe magana. Ya ce, ƙasar fa? Na ce ta yi laushi, har tsutsar tana na gani a ciki. Sai ya ce in tsinto 'ya'yan tsohon itacen nan mai zaƙi in binne miki a yashi, yanzu za su kama. Ya kuma rantsar da ni kada ki san ya sani, wai kunya za ta hana ki haɗa ido da shi, shi kuwa fuskarki yake son gani."

Yaya, ashe duk safiyar da na yi masa ƙarya, gyaɗa kan nan don ni yake yi. Kukan da na kasa yi a maƙabarta, a gaban kwandon nan na yi shi.

Gobe zan fara shuka. Ka gaida Pilar, ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka har kullum,
Casilda