Kunnena na Hagu da Takardar Inna

Litinin, 3 ga Maris

Ban gaya wa kowa ba. Wata biyu ke nan kunnena na hagu yana zubar da mugunya, mai wari kamar tsumman wanke-wanke da ya kwana a jiƙe. Kullum da safe sai in cusa auduga, in ja ɗankwali in rufe. Rigar matashina ma ni nake wankewa, har Inna tana yabona wai na fara hankali.

In aka yi min magana ta wannan gefen ba na ji sosai. Ba wanda ya lura. Dama an saba da shiruna.

Laraba, 5 ga Maris

Na raka Inna taron ƙungiyarsu, don ni ce mai karatun gidan, duk da a aji shida na tsaya. A bayan shagon tela ake yi, mata ashirin a ɗaki kamar akurki. Kowacce ta miƙa wa Mai Jaka, matar da ƙaramin banki ke turowa, kason rancenta. Inna sabulu take yi da nata rancen. Sannan a zuba ɗan wani abu a asusun lafiya. Duk mai zubawa, nas za ta duba ta ita da 'ya'yanta, magani kuma rabin kuɗi.

Abin da na tsana shi ne baje ciwo da suke yi. Wata 'yar ƙungiyar da ake kira Mai Kifi ta kwance ƙafarta tana nuna gyambonta, wai da can har ƙashi ake hangowa, yanzu ga shi ya kusa rufewa. Suna ta leƙe kamar sabon zane ta sayo. Ƙuda ya tashi daga kan ƙafar ya sauka a bakin kofin ruwa, wata ta ɗauka ta sha. Na kau da kai.

Ni dai ba za a leƙa ni haka ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na sayo kwalba ta uku ta maganin ɗigawa a kunne daga kemis, da ɗan kuɗin da Inna ke ba ni na naɗe sabulu. Na ce ƙawata ce ta aiko ni. Mai kemis ɗin yana cin abinci, ya goge hannu a wando, ya miƙo min kwalbar duk maiƙo. Ya ce in gaishe da ƙawar tawa, in ce mata ta daina karkata kai in ana magana. Har gida ina jin dariyarsa a jikina.

Litinin, 10 ga Maris

Aikin banza. Ƙaiƙayi kawai ya ƙaru.

Alhamis, 13 ga Maris

Inna za ta fita daga asusun lafiya. Ta ce wata goma tana zubi, ko ciwon kai babu wanda ya yi a gidan nan, ita ba baiwar ƙafar Mai Kifi ba ce. Baba ya ce dama ya faɗa. Ta ɗauko takardar fita ta ce in cike. Na karanta mata inda aka ce wadda ta fita sai bayan wata shida za a sake karɓarta. Ta ce, "To wa zai yi ciwo? Ke?" Ta yi dariya.

Na cike tsaf, da rubutu mai kyau. Ina rubutawa ina jin abin yana gangarowa ta bayan audugar. Ban taɓa ƙyamar kaina irin ta yau ba.

Asabar, 15 ga Maris

Ƙanwata Auta ta rarrafa har gindin bokitin sodar da ake haɗa sabulu, ina zaune dab da ita ina naɗi. Inna ta ce sau uku ta ƙwala min kira daga bakin ƙofa. Ita ce ta rugo ta fizge ta. Ta juyo ta ce min, "Ke kurma ce?"

Saura kaɗan in ce e.

Litinin, 17 ga Maris

Na haɗu da Mai Kifi a famfo. Sai ƙarni take yi, na matsa gefe, ta matso. Ta rage murya ta ce, "'Yata, kunne ne ko? Na san warin nan." Ta ce ribar kifin wata uku ta zuba wa mai kemis kafin ta je wurin nas, kuma ƙanwarta haka ta yi ta ɓoyo har kunnen ya mutu.

Na jira ta kira mutane su zo kallo. Ba ta kira kowa ba. Ɗora min bokitina ta yi a ka.

Har yanzu ƙafar tata ba ta kalluwa.

Laraba, 19 ga Maris

Inna tana kan dama sabulu, sai ta tura ni taron ni kaɗai, da kason rance da takardar. Na miƙa kason. Zubin asusun kuma na biya da kuɗin da na tara don kwalba ta huɗu. Takardar tana cikin jakata, ban fito da ita ba.

Mai Jaka ta tambayi masu zuwa ganin nas ranar Juma'a. Ban ɗaga hannu ba. Da aka watse na je na rubuta sunana a can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Ta ce sai dai in zo tare da Inna, tunda katin nata ne.

Inna za ta yi faɗa, na sani. Gobe in ta zauna yankan sabulu zan zauna kusa da ita, in zame ɗankwalin, in cire audugar. Ba sai na ce komai ba.