Ɗakin da Na Gina wa Inna a Cikin Gem

Istanbul, Turkiyya

Yaya Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Malam Tajuddeen da yara. Yaya damina a Ɗanbatta? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin Inna? Allah ya jiƙanta, ya yafe mini rashin zuwa jana'izarta.

Ni lafiya lau nake. Ƙarfe ne kawai ya faɗo mini a ƙafa a wurin aiki. Sati biyar ke nan ina kwance, amma na fara takawa. Kada ki gaya wa Baba.

Abokin ɗakina ya ara mini 'yar na'urar wasan gem ta hannu don ta ɗebe mini kewa. A ciki mutum yake ƙirƙirar mutane, ya sama musu gida da sana'a a wani birni. Ni kuwa tsohuwa na yi, na sa mata Aina'u, sunan Inna. Na gina mata ɗakin siminti da famfo a tsakar gida, irin wanda na sha yi wa Inna alkawari. Na nemi gero in shuka mata, babu sai furanni. Kullum nakan kai mata abinci, ta ɗaga mini hannu.

Shekaranjiya gem ɗin ya nuna wai ba ta da lafiya. Na kashe shi, har yau na kasa kunnawa. Abokin nawa ya ce, "Wasa ne fa, Muntaka." Na sani.

Yaya, a hannunki Inna ta cika. Don Allah ki rubuto mini gaskiya: ta tambaye ni?

Ƙaninki,
Muntaka