Ƙullin Hajiya Tabawa

Talata da dare, Alƙahira

Garin nan bai san gaisuwa ba. Mota kan mota, hon kamar ana faɗa. Na yi wa mai masauki sallama, ya miƙo min makulli ko kallona bai yi ba. Taron jami'a ya kawo ni, amma ga ni ina gadin ƙullin mutane.

Ranar da zan taso daga Karaye, maƙwabciyarmu Hajiya Tabawa ta kawo shi, an naɗe da salatif. "Daddawa ce, 'yar nan. Ki kai wa Sanina, can yake karatu." Wa zai buɗe saƙon babba? Da digirina da komai, haka na ratso filin jirgi da shi.

Lambar Sani ba ta shiga. Ɗazu wani ya kira, muryar dattijo, Hausarsa ba irin tamu ba. "Hajiya, kada ki taɓa kayan nan. Muna ƙasa, ba ma sauri."

Ban faɗa wa kowa sunan masaukin nan ba.

Na ɗauko ƙullin na kai hanci. Daddawa ta kwana cikin kayana, amma ko mayafina bai ɗauki wari ba. Ba ta warin komai.