Kwamfutar Mijina Ta Ƙi Karɓar Awon Baba

Anti, don Allah ki taimake ni. Na san ba irin matsalata aka saba kawo miki a filin nan ba, amma na rasa wanda zan gaya wa.

Ni malamar makaranta ce, 'ya'yana biyu. Mijina ya rasu wata goma sha huɗu da suka wuce. Mahaifinsa tela ne, shekara talatin da bakwai yana ɗinki a shago ɗaya. Tun da na shigo gidansu bai taɓa kirana suruka ba, 'yata yake cewa, ni ma Baba nake ce masa. Duk wanda ya taɓa kawo masa ɗinki, awonsa na nan cikin littafi: kafaɗa, hannu, ƙirji, tsawo, da ɗan bayani a gefe, irin su "ba ya son aljihu" ko "ya ƙara tumbi". Littattafan ashirin da shida ne, suna jere kan kanta a bayan kekensa. Yanzu idonsa ya yi rauni. Hannun na nan yadda yake, amma rubutun kansa ba ya iya karantawa. Kwanaki ya ɗauki bakwai a matsayin ɗaya, ya ɓata wa wani tsohon kwastoma yadi. Mutumin bai yi faɗa ba, amma Baba ya kwana uku bai buɗe shago ba.

Shi ne na yi masa alkawarin zan kwashe awon duka in zuba a kwamfuta, a buga sunan mutum kawai awonsa ya fito da manyan haruffa. Na taɓa yin ɗan kwas, na san abin da ake buƙata shi ne rumbun bayanai da manhajar da ke riƙe shi, wadda ake kira uwar garke. Kwamfutar da muke da ita ta mijina ce, irin ta kan tebur. Tun rasuwarsa tana lungun falo, na lulluɓe ta da zani. Ranar da na kunna ta, ƙarar fankarta kawai na ji na tuna shi, don kullum da ita nake gane ya dawo daga aiki.

Na sauko da manhajar, na fara ɗora ta. Komai ya tafi daidai har matakin ƙarshe, inda za ta tashi ta fara aiki. Nan ta tsaya, ta nuna jan alama, ta ce ƙofar da take son bi wani ya riga ya tare ta. Na kashe na kunna, na kashe manhajar kariya, na sake ɗorawa har sau biyar. A na ƙarshen sai ta ce in sa kalmar sirrin da aka yi amfani da ita a baya. Wace baya?

Da na duba jerin manhajojin da ke ciki, ashe akwai tsohuwar irinta, an ɗora ta wata biyu kafin mijina ya kwanta ciwo. Na bi na gano inda take ajiya, sai ga wata folda mai suna Baba. Anti, bai taɓa gaya mini ba. Fayilolin ciki ba sa buɗuwa, ban san ko awon mutum goma ya shigar ba ko na dubu. Na gwada sunayen yaran a matsayin kalmar sirrin, na gwada ranar aurenmu. Na gwada sunana, ta ƙi. Na zauna ina jin haushinsa kamar yana ɗaki, sai kuma na kama dariya, sai hawaye.

Ƙanin mijina yana gyaran waya, Injiniya muke ce masa duk da ba makaranta ce ta ba shi wannan suna ba. Ya duba ya ce abin mai sauƙi ne, a wanke kwamfutar tas a sake komai, don dama ta tsufa, ko yaushe tana iya mutuwa. Ban san lokacin da na ce ya cire hannunsa daga kayan mijina ba. Ya miƙe ya fita, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Mako uku ke nan bai zo ɗaukar yaran ba, suna ta tambayarsa.

Baba kuwa duk Asabar sai ya tambaye ni ya aikin namu, in ce an kusa. Ƙarya nake masa, ko layi ɗaya ban shigar ba. In na goge, na goge aikin ƙarshe da mijina ya yi wa mahaifinsa. In ban goge ba, tsoho na nan yana jira. Yaya zan yi?

Surukar tela

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan mijinki, ya raya abin da ya bari. Kwantar da hankalinki, babu abin da za ki goge.

Ni ilimina na kwamfuta bai wuce buga wannan fili ba, don haka na kai wasiƙarki wurin mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Ta karanta sau biyu, ta ce ba ki yi kuskure ko ɗaya ba. Tsohuwar uwar garken da mijinki ya ɗora tana tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfutar, ita ce ta tare ƙofar. Wato lafiyarta ƙalau, kuma mai yiwuwa ba ki ma buƙatar sabuwa.

Ta ce ki daina sake ɗorawa, don sabuwa na iya taɓa ajiyar tsohuwa ta canza ta. Ki shiga jerin ayyukan da ke gudana a bayan fage, ki nemo tsohuwar ki tsayar da ita. Sai ta tsaya sannan ki kwafi foldar ajiyarta gaba ɗaya, ba mai suna Baba kaɗai ba, ki zuba a filashi biyu, ɗaya ki kai gidan 'yar'uwarki. Bayan haka ne za a zo kan kalmar sirri. Ba sai kin yi ta canka ba, akwai halastacciyar hanyar sauya ta ga wanda kwamfutar ke hannunsa, tana rubuce cikin jagorar manhajar. In abin ya gagara, a ɗora sabuwar a ba ta wata lambar ƙofa da wata folda daban, su zauna tare ba mai taka wata.

Yanzu ga tawa. Kina da gaskiya da kika hana a wanke ta. Amma Injiniya ma bai yi ƙarya ba, tsohuwar kwamfuta ba ta sallama kafin ta tafi, kuma zanin da kika lulluɓa mata ba zai tsare abin da ke ciki ba. Maganarsa ta yi sauri, taki ta yi zafi. Ki tuna kayan mijinki da kika ce, kayan wansa ne. Ki kira shi yau, ki ba shi haƙuri, ke ma ki yi haƙuri, ya zo ku yi kwafin nan tare. Ki nuna masa foldar, ina zaton bai gan ta ba.

Ki kuma shirya zuciyarki. Za ki iya buɗewa ki tarar da awon mutum ɗari biyar, za ki iya tarar da uku. Ko uku ne, ya fara, ke ki ɗora daga na huɗu.

Baba kuma ya isa haka da "an kusa". Ranar Asabar ki gaya masa gaskiya: aikin ya tsaya ne saboda kin tarar ɗansa ya riga ki farawa. Zai yi kuka, ki bar shi ya yi. Uba ya cancanci ya san ɗansa ya lura da idonsa tun kafin kowa ya lura. Kafin a gama gyara, ki ɗauki littafin bana, ki kwafe awon masu zuwa a kai a kai da babban alƙalami, mutum ɗaya shafi ɗaya, don kada almakashinsa ya zauna jiran kwamfuta.

Allah ya ƙara wa Baba lafiyar ido, ya daidaita ki da ƙanin mijinki, ya sa ki buɗe ki ga alheri.

Antinku