Inna Rabi da Ganyen Leda

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, labarin aminiyarki Inna Rabi na kawo miki, don na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni.

Kin san ganyen salak ɗin nan da ake yankawa a rufe a leda, wai an riga an wanke. Ke dai ba ki taɓa yarda da shi ba. Ina tuna ki a ɗakin girkinmu na unguwar Misfala, nan kusa da Harami, kina bin latas ganye-ganye da gishiri da lemon tsami, kina cewa, "Hannun da ban gani ba bai wanke min komai ba."

Kwanakin baya sanarwa ta shigo wayoyinmu: an sami ƙwayar cuta a irin wannan ganye, a janye shi daga kasuwa. Wani kanti na unguwarmu ya fitar da nasa, ya jibge a bayan gini.

Inna Rabi ba ta karatu, wayarta kuma ta kira ce kawai. Ta ga ganye kore shar, leda ko huji babu, ta kwasa. Bakinku ɗaya ke da ita, cewa ba a zubar da abinci a garin Ɗakin Allah. Ta yi kwaɗo da ƙuli ta ci.

Umma, da na je na tarar da ita, gudawa har da jini, ko zama ba ta iya yi. Na ce asibiti, ta ce sam. Kin san tun da kuka zo aikin hajji tare ba ta taɓa samun iƙama ba, wato takardar izinin zama. Tsoronta kada a gane, a mayar da ita gida, inda ba ta da kowa yanzu. Ta riƙe min hannu tana roƙona in bar ta ta cika a nan, a sallace ta a Harami kamar yadda aka sallace ki.

Ban bar ta ba. Wallahi na kasa. Na kira mota, muka ɗauke ta tana kuka tana kiran sunanki.

Likita ya ce ƙodarta ta fara taɓuwa, amma za ta tashi. Abin da zai biyo baya game da zamanta, har yanzu ba mu sani ba. In na shiga ɗakin da aka kwantar da ita sai ta juya fuska bango. Ni da ta goya! Abin yana ci min rai, Umma.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya ba Inna Rabi lafiya. In kuma ni ce na raba ta da ƙasar da ta so ta kwanta a ciki, Allah Ya sa wata rana ta yafe min.

'Yarki mai kewarki,
Sa'adatu